Hukuncin kyamarar tsaro da ba a sauya wa kalmar sirri ba

Tambaya: Malam, ina yawan tafiya, don haka na sa aka kafa mini kyamarori a ƙofar gida da falo da tsakar gida, ina dubawa ta waya. Wanda ya haɗa su ne ya saita komai, ban taɓa sauya kalmar sirrinsu ba. Ina da laifi?

Amsa: Kafa kyamara don tsaron rai da dukiya halal ne. Abin da ya tsayar da ni, ɗan'uwa, shi ne ƙarshen tambayarka, domin nan hukuncin ya sauya. Kyamarori da yawa suna fitowa daga kamfani da kalmar sirri iri ɗaya, kamar admin ko 12345, kuma duk wanda ya gano adireshinsu a intanet yana iya shiga. A 2014 shafin Insecam ya riƙa nuna wa duniya kai tsaye abin da kyamarori fiye da 70,000 suke ɗauka, ta wannan hanyar kawai. Ga shi wanda ya haɗa maka yana riƙe da mabuɗin, alhali shi ba muharramin iyalinka ba ne. Saboda haka barin ta falo da ta tsakar gida a haka bai halatta ba, wajibi ne ka kashe su har sai ka gyara.

Wasu suna cewa abin da ake gani a allo ba al'aura ba ce, inuwa ce irin ta madubi, suna jingina da maganar wasu malaman fiƙihu na da waɗanda suka sassauta a kan kallon surar mace a madubi. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Waɗancan malaman sun sharɗanta rashin sha'awa da fitina, sannan surar madubi tana gushewa da zarar mace ta matsa, wannan kuwa ana adana ta, ana yaɗa ta, ana iya yi wa mutum barazana da ita bayan shekaru. Annabi (SAW) ya bayyana cewa saboda gani aka shar'anta neman izini, to wane izini baƙon da ke kallon falonka daga wata ƙasa ya nema?

Ka sauya kalmar da hannunka zuwa doguwa mai wuyar ƙirdado, ka sabunta manhajar na'urar, kada kuma ka juya ta ƙofa ta leƙa gidan maƙwabci. Ina ƙara maka nasiha da ba ka tambaya ba: ka sanar da iyalinka inda kowace kyamara take, kada ta zama hanyar bibiyar matarka, don zato yana rusa gida tun kafin ɓarawo ya iso.

Wallahu a'alam.