Ina Wakilin Suna Ya Shiga a Latin?

Tambaya: Malam, na ga a Latin, harshen tsoffin Romawa, an rubuta "amo" kawai, an fassara shi "ina so". Ina "ni" ɗin take? Daga wata ɗaliba a Daura.

Amsa: 'Yata, tana nan a wutsiyar fi'ili. Harafin -o ne ke nuna ni, -s kai ko ke, -t shi ko ita: amo, amas, amat. Sai ana jaddadawa ko bambanta mutum biyu ake kawo wakilin suna: "ego scribo, tu legis", wato ni rubutu nake, kai karatu. Kamar bambancin "na zo" da "ni na zo" ne. Masu koyo kan cusa "ego" a kowace jimla, sai maganar ta zama kamar ta mai buga ƙirji.