Hukuncin mai zanen fuskokin mutane da fensir

Tambaya: Malam, tun ina yaro Allah Ya hore mini zane. Da fensir nake zana mutane a takarda, daga ƙirji zuwa sama, kuma da wannan nake ciyar da mahaifiyata. An ce mini malamai sun yi ijma'i a kan haramcinsa, sai na ƙona zanukana na daina. Tun daga nan zuciyata take a ƙuntace, har salla ta fara yi mini nauyi. Ina mafita?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, maganar sallar da ka sako a ƙarshe ta fi tayar mini da hankali, domin zane a takarda malamai sun yi saɓani a kansa, amma wasa da salla babu mai saɓani a kan haɗarinsa. Ka riƙe jam'i tun daga yau, ko ka koma ga fensir ko ba ka koma ba.

Sassaƙa cikakken mutum-mutumi haramun ne, zanen itatuwa da gine-gine kuma halas ne, kamar yadda Ibn Abbas ya shawarci mai sana'ar da ya tambaye shi. Naka aikin a tsakani yake, kuma abubuwa biyu ne suka sauya hukuncinsa: ba shi da inuwa, wato a shimfiɗe yake a kan takarda ba kamar mutum-mutumi ba, kuma jikin bai cika ba.

Wanda ya ce maka an yi ijma'i ya wuce gona da iri. Gaskiya ne Imam Nawawi da malamai masu yawa sun haramta zanen mai rai ko da a takarda ne, kuma ra'ayi ne mai ƙarfi da ba a raina shi. Sai dai malaman Malikiyya, kamar yadda Shaihu Dardir ya bayyana a sharhin Mukhtasar Khalil, sun taƙaita haramcin ga sura mai inuwa mai cikakkun gaɓoɓi, marar inuwa kuwa makaruhi ce, suna dogara da hadisin Abu Ɗalha da ya togace zanen da ke jikin tufa. An kuma ruwaito sassauci daga Alƙasim ɗan Muhammad, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, shi ya sa Ibn Hajar bai yarda da Nawawi ba da ya kira wannan mazhaba ɓatacciya. Hatta Ibn Ƙudama na Hanbaliyya ya sassauta a kan surar da aka cire mata abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi. To, ina ijma'in yake?

Saboda haka abin da ka ciyar da mahaifiyarka ba haramun ba ne, kuma kana iya komawa aikinka. Amma kada ka zana tsiraici, kada ka zana matar mutane ba da izini ba. Idan aka kawo maka hoton malamin da ya rasu don a rataye ana neman albarka, ka ƙi ko nawa za a biya, domin ta wannan ƙofa shirka ta shiga wa mutanen Annabi Nuhu.

Da za ka ji shawarata, ka je wurin masu zayyanar Alƙur'ani da allon sauka ka zauna ka koya, ka kuma duba adon bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya, wanda masu yin sa suke ƙarewa. Hannun da ya iya fitar da ƙwayar ido da fensir ba zai gaza a can ba, kuma ka fita daga saɓani gaba ɗaya. Wallahu a'alam.