Rainon bishiyar mapul a kasko: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi uku ne suka zo a kan bonsai, wato sana'ar Japanawa ta rainon bishiya a ƙaramin kasko har ta tsufa tana 'yar ƙarama. Duka ukun a kan mapul ne, bishiyar da Japanawa ke kira momiji, mai ganye kamar tafin hannu da ke yin ja idan sanyi ya ƙarato.

Wani ɗan'uwa mazaunin Manchester a Ingila ya ce ya sayi 'yar siririyar mapul ya dasa a kaskon bonsai marar zurfi. Yau shekara uku ke nan, ganye dai tana yi, amma jikinta bai ƙara kauri ba.

Malam, da ƙarshen aikin ka fara. Wannan kasko aikinsa shi ne ya taka wa bishiya burki, don haka ba a sa ta ciki sai ta riga ta yi kaurin da ake so. Ciro ta ka dasa a ƙasa a bayan gida, ko a akwatin katako mai faɗi, ka bar ta shekara uku zuwa biyar. Kafin ka binne ta, yanke saiwar da ta miƙe ƙasa, ka ɗora gindin a kan fallen tayil ko katako, ka baza sauran saiwoyin ta ko'ina. Da yake babu hanyar nutsewa, sai su bazu gefe su yi kauri, gindin ya buɗe ya kama ƙasa. Gindin nan shi masu sana'ar suke fara dubawa kafin su ɗaga kai su kalli ganye, kuma idan aka bari bishiya ta manyanta da gindi marar kyau, gyaransa wahala ne.

A waɗannan shekarun kada almakashi ya yi yawa. Bar reshe ɗaya ya yi ta tafiya sama son ransa, domin yawan ganyensa ne ke ciyar da jikin ya kumbura. Idan kaurin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da kake nema, sai ka sare jikin a ƙasa-ƙasa, ka zaɓi sabon toho ɗaya ya zama kan bishiyar. Wasu sukan maimaita saran sau biyu ko uku, shi ke sa jiki ya yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. Amma kada ka yi babban yanka daf da fitowar toho, lokacin mapul na zubar da ruwa sosai ta wurin ciwon. Bari sai ganye ya gama zuba, ko kuma tsakiyar watannin zafi, sannan ka shafe wurin da man rufe yanka.

Bayan nan ne ake zuwa manyan rassa, sannan ƙanana. Mapul tana fitar da ganye bibbiyu suna fuskantar juna. Idan ka tsinke ɗan tohon da ke tsakaninsu tun yana ɗanye, reshe ɗaya zai zama biyu, gaɓoɓin su gajarce. Wayar lanƙwasa rassa kuwa, ta alminiyom za ka naɗa, ka riƙa dubawa duk mako, don ɓawon mapul ba shi da kauri, tabon waya yakan daɗe bai ɓace ba. Ka ƙudurta shekara goma zuwa sha biyar. A unguwar Omiya ta Saitama a Japan, inda masu bonsai na Tokyo suka koma a 1925 bayan girgizar ƙasar 1923, akwai bishiyoyin da waɗanda suka fara rainonsu sun daɗe da rasuwa.

Wata Hajiya daga Amurka ta ce ruwa na tsayawa a saman kaskonta, saiwoyi sun leƙo ta ramin ƙasa. Tana so ta sauya ƙasar kaskon yanzu cikin Yuli.

Hajiya, alamar kin karanta ta daidai, saiwa ta cika kasko. Lokacin ne bai yi ba. Ki jira ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da idon toho ya kumbura amma ganye bai buɗe ba. Kafin nan ki huhhuda ƙasar da tsinke don ruwa ya samu hanya. Ranar sauyin, ki tsefe saiwoyin da tsinken daga gindi zuwa waje, ki yanke masu kauri da masu nutsewa, ki bar sirara, su ne masu shan ruwa. Kada abin da za ki cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ƙasar lambu ba ta yi a nan, daskarewa take yi ta ruɓar da saiwa. Ana amfani da akadama, yumɓun Japan mai ƙwaya-ƙwaya, a haɗa da tsakuwar dutse mai aman wuta. Ki ɗaure gindin da waya ta ramukan kaskon don kada iska ta girgiza sabuwar saiwa, ki ba ta ruwa har ya fito garau, ki kāre ta daga ƙanƙara, taki kuma sai bayan kamar wata guda. Ƙaramar bishiya duk shekara biyu ake mata haka, tsohuwa sai shekara uku zuwa biyar.

Na ukun mai lambun furanni ne a Kano, yana so ya yi odar mapul daga waje.

Alhaji, riƙe kuɗinka. Mapul sai ta samu makonni na sanyi ƙasa da digiri 10 ta zubar da ganye ta huta, kuma hunturunmu bai kai nan ba, ga zafin Afrilu da zai ƙone ganyen. Kuka da tsamiya da cediya duk ana bonsai da su, tsarin aikin kuma ɗaya ne da wanda na faɗa wa mutumin Manchester. Sauyin ƙasarsu ka yi shi daf da faɗuwar damina. Kuka kuwa, idan ta zubar da ganye da rani, ka ɗauke mata ruwa har sai ta fara toho, in ba haka ba gindin zai ruɓe.