Amsar Goggo ga ɗiyarta da ke Bamingam ta Ingila

Ɗiyata,

Saƙonki ya iso ranar Laraba bayan La'asar, ƙanenki ya karanta mani, shi ne kuma ke rubuta wannan, don idanuna sun gaji da ƙananan baƙaƙen waya. Kin ce maigidanki na ɗora tukunya ranar da kike aikin dare, har magana ta kai kunnen surukarki a unguwar Mabera ta Sakkwato ana ta gunaguni. Ga abokan aikinshi sun gayyace ku cin abinci, maza da mata wuri guda, ga kuma cikin fari, babu halin tahowa gida wanka. Kina tambaya ko kun saki al'ada.

Ni ma na sha wanga ruwa. A 1983 Malam, Allah ya jiƙan shi, ya tafi ƙaro karatu daga Jami'ar Sakkwato, tun ba a sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo ba, munka yi shekara uku a garin nan naku, cikin ɗaki biyu a Sparkbrook. Gidan da na baro a Rijiyar Ɗorowa mu bakwai ne mata a tsakar gida. Wagga na daka, waccan na tankaɗe, yarinya na ɗebo ruwa, tsohuwa na riƙe da jinjiri. Namiji bai shiga madafa, gaskiya ne, to mi zai shiga yi? Wurin a cike yake. Da munka sauka can na duba dama, na duba hagu, ba kowa sai shi. Azumin 1984 ya faɗo cikin watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ni kuma ga laulayi, ko warin albasa ba na so. Mutumin da bai taɓa hura wuta ba, da azumi a bakinshi, ya tuƙa tuwo mai gudaji kamar tsakuwa. Munka ci, munka yi dariya, rawaninshi kuma bai faɗi ba. Da anka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinshi, in lokacin salla ya yi ya fita. Yana nan cikin Bukhari, duk malamin zauren Sakkwato ya san shi.

Amma bari in ja maki kunne. Wa ya kai labarin Mabera? Ke da kanki, da hoton da kinka ɗora a WhatsApp yana riƙe da muciya. Nan ne kinka taka al'ada, ba a tukunya ba. Surukarki ba tuwo ya dame ta ba, tsoronta kada a ce an mallake mata ɗa. Kada ki maida magana ko ɗaya. Ki riƙa kiranta duk Juma'a, ki gaishe ta kamar kina durƙushe gabanta, in za ku aiko da wani abu ya fito da sunan ɗanta. Abin da ya yi maki cikin ɗaki ki gode mashi cikin ɗaki.

Gayyata kuwa ku je. Ku faɗa masu tun da wuri cewa ba ku shan giya, ba ku cin alade, Bature ya fi son a gaya mashi kafin ya yi cefane. In ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin, kuma kada ku je hannu rabbana. Namiji in ya miƙo maki hannu, ki dafa ƙirji ki yi murmushi, za su gane.

Abin da na fi ji maku tsoro ma ba shi kinka tambaya ba. Nan namiji na da majalisa gindin darbejiya bayan Isha'i, mace na da barka da suna da biki da gaisuwar rasuwa, ko ba ki fita ba wata za ta yi sallama ta zo aron turmi. Can ba mai ƙwanƙwasa ƙofa sai da alƙawari. Cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe, ku biyu ku zauna kuna kallon juna, shi ne majalisarki, ke ce majalisarshi, ƙaramar magana ta zama babba don babu na ukun da zai ce a bari. Ni da Malam mun taɓa yin kwana huɗu ba ma magana a kan mabuɗi. Abin da ya cece ni maƙwabciyata ce, 'yar Pakistan, ba na jin yarenta, Turancinmu duka gurgu, amma ita ta kai ni shagunan naman halal na Stratford Road, ita kuma ta riƙa kawo mani abinci da na haihu. Ku riƙa zuwa Juma'a babban masallacin Highgate, ki gaida Basomaliya, ki gaida Bayarabiya, kada ki tsaya jiran sai Basakkwaciya.

Wanka kuma, kwana arba'in ɗin nan da ake yi a gida hutu ne ake ba mai jego, a ɗauke mata aiki, a ciyar da ita. Wannan ki riƙe da ƙarfi. Tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya da kunun da anka cika wa kanwa, ko nan ban bari a yi wa jikokina ba. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya sunka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, na kuma ga mai jego ta kumbura da idona. Ruwa mai ɗumi ya ishe ki. Ungozomar asibiti za ta riƙa leƙo ki har gida, maigidanki kuma ya nemi hutun mako biyu da doka ta ba uba. Shi zai yi kiran salla a kunnen jinjiri. Ranar bakwai mu za mu yanka rago a nan, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, ku saurara ta waya, ku kuma ku yi aski, ku je rajistar haihuwa kafin kwana 42. Kunyar ɗan fari ki adana ta sai kin zo gida, can in kin kau da kai wa zai ɗauke shi? In dai sunan baban maigidanki anka sa, ki nemi alkunya tun ranar suna.

Akwai mai tafiya bayan Salla, zan ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da garin kunu, da zanen goyo biyu, ɗaya wanda na goya babanki da shi yana ƙarami. Kilishi kam kada ki sa rai, nama ba ya shiga Ingila daga nan, a filin jirgi za a karɓe. Ki gaida maigidan, ki ce mashi ya riƙa dama garin da ruwan sanyi kafin ya zuba cikin tukunya.

Goggonki