Cin uwa, taura biyu da bin bashi

Wani mai shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ya rubuto: "Malam, na buɗe shago na biyu a Samaru. Ciniki ya ƙaru, amma kuɗi ba sa zama a hannu. Mahaifina ya ce na fara cin uwa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Me yake nufi?"

Alhaji, Allah ya yi wa nema albarka. A bakin 'yan kasuwa, uwa ko uwar kuɗi ita ce jarin da aka zuba, riba kuwa 'yarta ce. Bahaushe ya dubi kuɗi ne kamar akuyar kiwo: a sayar da 'ya'yanta, ita a bar ta a turke ta ci gaba da haihuwa. Ran da aka yanka ta miya za ta yi daɗi, amma haihuwa ta ƙare.

Abin da ke damuna shi ne ba a jin lokacin da aka fara cin uwar. Da kana da shago ɗaya, da ido kake sanin katan nawa na sabulu ya rage. Yanzu ga haya biyu, ga yaran shago, ga man janareta, ga kuɗin motar da ke ɗauko sari daga kasuwar Singa ta Kano, kuma cefanen gida daga aljihun teburin nan yake fita. Kuɗin ciniki da yawa, sai mutum ya ɗauka duk riba ne. Alamar tana kan kantar shago: in ka je sari ka dawo da kayan da ba su kai na watan jiya ba, to uwa ce ke ramewa.

A lura, riba iri biyu ce, duka daga Larabci, ko da yake rubutunsu ɗaya ne a boko. Ta ciniki ana jan "ri" ɗinta. Ta kuɗin ruwa, wadda addini ya hana, gajeruwa ce.

Taura kuwa, duk wanda ya saye ta a bakin makarantar firamare ya san ta: ƙwallo ƙato mai tauri, nama kaɗan cikin zare-zare. Ɗaya ma sai an juya ta a baki. Baba bai hana ka shago biyu ba. Tambayarsa ita ce, in kana Sabon Gari, idon wa ke Samaru?

Wata mai sayar da atamfa a Tudun Wada ta ce masu ɗaukar kayanta sukan kare kansu da "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Tana son sanin bambancin bashi da rance da aro.

Hajiya, aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa, kamar tabarma ko tsani. Rance kuwa kuɗi ne ko hatsi da za a kashe, a mayar da kwatankwacinsa. Bashi shi ne nauyin da ya hau kan mutum har sai ya biya, ko ta rance ko ta ɗaukar kaya. An yi karin maganar ne don a rage wa wanda ake bi bashi kunya, ba don ta zama garkuwar mai taurin bashi ba, kuma ina jin zafin yadda ake murɗa ta.

Dubi aikatau ɗin da muke haɗawa da kalmar. Mai karɓa "cin" bashi yake yi, ke kuma "bin" sa kike yi. Bin nan har da ƙafa: ki rufe shago da hantsi, ki hau Keke Napep zuwa Ƙofar Doka, a ce miki matar gidan ta tafi biki Kwangila, ki dawo la'asar ba kuɗin turmi uku, ba cinikin yini.