Motocin bas na gwamnati suna cika maƙil, to me ke kashe su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Gusau, kullum daga Damba nake shigowa gari aiki. Abin da na lura da shi a jihohinmu shi ne, duk lokacin da aka kawo motocin bas masu rangwame sai mu yi murna, amma kafin shekara uku sai ka gan su jibge a gareji, tayoyi sun sace. Alhali duk sanda na shiga a cike nake samunsu. Ga mai tsohuwar motar haya kuwa, shekara goma yana ciyar da iyali da ita. Ina kuɗin suke tafiya? Sata ce kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Sata tana nan, zan zo kanta. Amma na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗi a wani kamfanin sufuri, kuma abin da na gani shi ne ko da waliyyai aka ɗora a kan motocin nan, muddin lissafin bai canza ba, a garejin za su ƙare.

Mu fara da cikar da kake gani. Kai da safe kake shiga, lokacin da kowa ya nufi ofis, kasuwa da makaranta. Motar da ta kawo ku maƙil, da mutum huɗu ko biyar take komawa, kuma man da ta sha a zuwa shi za ta sha a dawowa. Daga hantsi zuwa azahar ma kusan iska take ɗauka. Bari in kafa maka misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Mu ɗauka mota ce mai kujera 30, tana sawu 12 a yini, kuɗin mota naira 200. Da kowane sawu cike take, da an samu naira 72,000. Idan aka haɗa sawun safe da na rana ya kama rabi, an samu 36,000. Mu ce ta sha man naira 25,000. Saura 11,000, kuma a ciki za a biya direba da yaron mota, a yi juye, a sayi taya da birki, a biya bakanike, inshora da ma'aikatan ofis.

Har yanzu ban ambaci wani babban kuɗi ba, wanda kuma ba ya zuwa da rasit. Mota tana tsufa kowace rana. Idan an saye ta naira miliyan 60, ana sa ran ta yi shekara 8, kwana 300 a shekara, to kwanakin aikinta 2,400 ne, wato kowace rana tana cin naira 25,000 daga jikinta. Wannan kuɗin ya kamata a riƙa zubawa a wani asusu na dabam, kamar adashe, ranar da ta gaji a ɗauka a sayo magajiyarta. Manomi ya san wannan sarai: komai yunwar bazara ba ya taɓa iri. Kamfanonin sufurinmu kuwa irin suke ci, saboda motar kyauta ta zo musu daga gwamnati, ba wanda ya ji zafin sayenta, ba wanda ya rubuta ta a matsayin abin da za a maye. Wata na ƙarewa sai a ga an biya mai da albashi har ɗan canji ya rage, a ce an ci riba. Wannan canjin guntun motar ne aka mayar kuɗi.

Daga nan mutuwar takan bi hanya ɗaya. Kuɗi ya yi ƙaranci sai a ɗaga juyen mai da mako biyu, domin mota ba ta kuka ranar da aka hana ta baƙin mai. Wata rana inji ya buga, ba kuɗin gyara, a ajiye ta. Gobe wata ta buƙaci batir, a ce a ara na waccan da ke tsaye. Jibi a ari taya, gata a ari kuloci. Na taɓa tsayawa a gaban motar da abin da ya fara tsayar da ita bai kai kuɗin tayoyi biyu ba, bayan wata shida ta koma ƙwarangwal. Har yau abin yana min ciwo, domin na san adadin ɗaliban da take kaiwa makaranta.

Shi mai motar haya da ka kawo misalinsa, ba ya barin tasha sai lodi ya cika, ba shi da ofis, ba shi da fansho, shi ne direba shi ne akanta, kuma ƙarar injin ta canza kaɗan ya ji a jikinsa. Motar gwamnati ana so ta tashi a kan lokaci ko da mutum uku, ta bi unguwar da ba riba, ta karɓi rabin kuɗi. Hidima ce, hidima kuwa wani ne ke biya. Ƙasar Luxembourg da ke Turai ta mayar da sufurin jama'a kyauta a 2020, amma daga haraji ake biyan kuɗin. A Landan hukumar sufuri ce ke karɓar kuɗin fasinja, ita kuma ta biya kamfanonin bas gwargwadon tafiyar da motocinsu suka yi da kiyaye lokaci. Don haka ban ga aibu a rangwame ba, ina ma goyon bayansa, musamman tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Aibun shi ne a sanar da rangwame a rediyo, a bar kamfani ya nemi cikon a jikin motocinsa. Idan ainihin kuɗin ɗaukar mutum naira 400 ne aka ce ya biya 200, ragowar 200 ɗin bashi ne a wuyan gwamnati, a rubuta shi a kasafin kuɗi, a biya duk wata.

Akwai kuma darajar naira. Tun da aka sake ta a Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta kai wajen 1,500 a 2024, kayan gyara kuwa kusan duk daga waje suke zuwa. Ko kamfanin da ya yi tanadin ma sai ya sake lissafi kowace shekara.

Yanzu satar. Ƙofofinta sanannu ne: kuɗin hannu da mai. Inda ba tikiti mai lamba, abin da yaron mota ya kawo shi ne gaskiya. Wasu kan gudu daga wannan su koma tsarin balas, a yanka wa direba abin da zai kawo kullum, ragowar nasa. Kuɗi kan shigo daidai, amma direba zai yi gudu, ya yi lodin wuce kima, ya guje wa sawun rana, motar ce dai ke biya. Na fi son tikiti mai lamba da mai duba na bazata, ko biya da kati kamar Cowry da ake amfani da shi a Legas, in dai an tanadi abin yi ranar da sabis ya ɗauke. Mai kuwa maganinsa biro da takarda: a rubuta lambar kilomita safe da yamma da litar da aka zuba. Motoci biyu iri ɗaya a hanya ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya sha da lita biyar kullum, ko inji ne ko jarka.

Sai wata ɓarakar da ba a kiranta sata: aron mota. Taron siyasa, ɗaurin aure, rakiyar wani babba, a ɗauke motoci biyar yini guda ba ko kwabo, wani lokaci ma da man kamfani. Duk mai son mota ya yi shata ya biya, ko da ma'aikatar gwamnati ce.

Idan kamfani yana da motocin dogon zango, irin Gusau zuwa Sakkwato, Kano ko Abuja, yakan samu abin tallafa wa na cikin gari, to amma a raba littafinsu, kowace mota da shafinta, don a san wa ke ɗauke da wa. Matsalar tsaro a hanyoyinmu ta kuma rage awannin tafiya, dole a sa wannan a lissafi. A wajen saye, gara motoci 20 iri ɗaya da bakanikenmu ya sani kuma ake samun kayansu a kasuwa, da kala huɗu masu kyan gani. Masu amfani da iskar gas suna da sauƙin kuɗin mai, amma a fara tabbatar da inda za su sha kafin a sayo.

Wannan tarihi ya maimaitu tun shirin sufurin birane na tarayya na 1988, ya sake dawowa da motocin da aka raba a 2012 bayan zanga-zangar tallafin mai. Saboda haka, Malam, idan kun samu zama da ɗan majalisarku na jiha ko ƙungiyarku ta ma'aikata ta samu shiga wajen hukuma, ku tambayi motoci nawa aka sayo kuma nawa suka fita aiki yau da safe. Ku tambayi nawa gwamnati ta biya na cikon rangwame a watan jiya. Sannan ku nemi a nuna muku takardar banki ta asusun maye gurbin motoci, da abin da ke cikinsa.