Saura shekara 82? Ka aika notis kafin ta sauka ƙasa da 80

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce fulat ɗinka na Bamingam saura shekara 82 a takardar lis, wato takardar riƙon gida na wa'adin shekaru, wakilin mai ƙasa ya yi maka tayin ku shirya ƙarin shekaru a tsakaninku, wasu kuma na ce maka ka jira sabuwar doka. Na bi ta wannan hanyar a Manchesta, kuma na sha wuya saboda sakaci na kaina.

Na sayi nawa a 2014 da saura shekara 86. Kaina yana can kan takardar mallaka irin tamu ta gida, wadda gwamna ke bayarwa ta shekara 99, ba wanda ke zama yana ƙirga ta. Sai a 2021, da na je sauya bankin da ke bina bashin gidan, lauya ta ce mini saura 79 da 'yan watanni. Daga nan lissafi ya sauya. A Ingila, idan wa'adin ya gaza 80, bayan kuɗin ƙarin shekarun sai ka ba mai ƙasa rabin abin da ya rage na darajar da gidan zai ƙaru da ita bayan an tsawaita, in an cire wancan kuɗin. Sunan da suke kiran abin ma yana nufin "darajar aure", kuma wallahi ya fi lefe ciwo. Safiyon da na ɗauka, bayan ya gama auna ɗakuna, ya juya bayan ambulan ɗin kuɗin wuta da ke kan teburin kicin ya rubuta lamba biyu: abin da zan biya da na zo da saura 81, da abin da zan biya yanzu. Bambancin ya cinye abin da nake tarawa na kujerar Makkar Inna.

Kai kana da sauran numfashi. Dokar 1993 ta ba mai fulat haƙƙin ƙarin shekara 90 a kan abin da ya rage masa, kuɗin ƙasa na shekara-shekara kuma ya koma ƙwayar masoro ɗaya, wato babu. Mai ƙasa ba shi da ikon ƙi, farashi kawai za ku ja. Lauyanka zai aika masa notis na sashe na 42 na wannan doka da kuɗin da ka taya, a ba shi aƙalla wata biyu ya mayar da martani. Abin da ya fi shafarka: ranar da notis ya isa hannunsa, ita ce ranar da ake ƙiyasta kuɗi da ita. Ko an yi shekara ana ja-in-ja, agogo ya tsaya a nan. A da sai ka shekara biyu da saye kafin ka cancanta, amma an cire wannan tun 31 ga Janairun 2025.

Sai ka shirya aljihu. Mai ƙasa zai iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100 na abin da ka taya, ko fam 250, duk wanda ya fi yawa. Lauya da safiyonka kai za ka biya, nasa ma kai za ka biya gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Idan ba ku daidaita ba, akwai kotun musamman ta harkar gidaje, ana shigar da ƙara tsakanin wata biyu zuwa shida bayan martaninsa. Ka rubuta ranar cikar wata shidan a jikin firij. In ta wuce, ana ɗauka ka janye, sai ka jira wata 12, ga kuɗin lauyoyi sun tafi a banza.

Tayin wakili kuwa, ban ce ka watsar ba, wani lokaci ya fi sauri. Ni ma an kawo mini, da fara'a da komai. Amma babu wa'adin da ya ɗaure shi, yana iya jan ka da "muna dubawa" har ka faɗa ƙasa da 80, sannan ya sauya farashi. Tun 2022 ba zai iya ɗora kuɗin ƙasa a kan sabbin shekarun ba, sai dai tsohon yana iya ci gaba har ƙarshen wa'adin farko, kuma a nan ne ake cusa sababbin sharuɗɗa a takarda. Lauya ya karanta layi-layi.

Batun jira: dokar da majalisa ta zartar a Mayun 2024 ta yi alkawarin shekara 990 da soke waccan darajar aure, amma waɗannan sassan suna jiran ƙarin ƙa'idoji daga gwamnati kafin su fara aiki. Wanda ya riga ya faɗa ƙasa da 80, in ya ce zai jira, na fahimce shi. Kai kuma ba a binka wannan kuɗin yanzu, to me za ka jira? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A makon nan ka sauke takardar rajistar gidan daga Land Registry, wato ofishin rajistar filaye da gidaje, fam 7 ce, ka duba ranar da wa'adin ya fara da idonka. Sau da yawa ya fara ƙirgawa tun kafin a sayar wa mutum na farko, sai ka tarar 82 ɗin nan 81 ce. Idan ta bankin Musulunci ka saya, duba sunan wa ke kan rajistar, domin galibi na banki ne, dole da su za a yi. Hukumar LEASE, mai ba masu gidajen lis shawara, tana ba da shawarar farko kyauta. Safiyo kuma ka nemi mai rajistar RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi, wanda aikinsa ke nan, ba wanda ya duba maka rufi da danshi lokacin saye ba. Shi zai faɗa maka lambar da za a sa a notis, don in ka taya abin wasa za a iya cewa notis ɗin bai inganta ba.

Allah ya sa a gama lafiya. In wakilin ya turo maka takardar tayin, ka rufe sunaye ka sa mana a nan mu gani.